Taken Inna Ba Na Jamusawa Ba Ne

Zuwa ga ƙanena Usmanu, wanda a Jamus ake kira Manu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanenka masu jita. Mu dai muna nan Mai Wurno ta ƙasar Sudan inda ka bar mu, mu da muka rage. Na rubuto maka a fili ne, inda kowa zai karanta, don na lura kai ba ka jin magana sai an tara jama'a.

Saƙonka ya iso ta wayar 'yata Nafisa. Ka ce ƙungiyarku ta kiɗan rok za ta yi wasan ban kwana bayan shekara talatin da ɗoriya, kuma kuna so a ɗauki Inna a bidiyo tana zaune a kan gadon igiya, a haska ta a babban allo a bayanku don a tausaya wa Sudan. Har da cewa a bar ta da tsohon mayafinta, wai ya fi. Usmanu, ko kunya ba ka ji ba? Ba za a ɗauka ba, kuma zauna ka ji dalili.

Kada ka zaci ban san tarihinku ba. Na san shi fiye da yadda ka san namu. Jamusawa huɗu ne suka fara a ɗakin ajiye mota, ba mai sauraronsu sai maƙwabta masu kai ƙara, har suka tsince ka a wani gidan abinci kana wanke-wanke kana kiɗa da gindin tukunya. Na san faifan da ya fito da ku. Na san shekarun da kuka watse kan rigimar wa ya fi wa, kuka dawo da sanƙo da tumbi kuna tsalle kamar samari. Kiɗan kuwa, Allah na gani na yi ƙoƙari, amma har yau jin sa nake kamar injin ban ruwa da mai ya ƙare masa.

Na san lokacin da mai jitarku ya mutu. Na ga hotonka da baƙar kwat, ka sa kafaɗa a akwatin gawarsa kana kuka har da majina, kuka soke wasannin shekarar kaf. Da Baba ya rasu, saƙon murya ka turo, ana jin ana gwada ganguna a bayanka. Ɗan maƙwabta ne ya kama makara a gurbinka.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne taken Inna.

Kai ne Baba ya koya wa ganga, ba ni ba, don haka kada ka ce ka manta. Makaɗin gayya ne, kowane manomi da takensa, in ya kaɗa sai mai shi ya ɗago daga kunya ya amsa. Na Inna kuwa ba a taɓa kaɗa shi a taro ba. In ya taso daga hawasha, gonarmu ta bakin ruwa, yana hawa gada sai ya kaɗa shi sau ɗaya, ta san ya kusa. Yakan ce maka: "Take ba abin wasa ba na, kiran mutum na. In ba ka da abin ce mishi, kak ka kaɗa."

Shi ka ɗauka ka buɗe waƙar da ta yi muku suna. Kowane wasa kana kiran uwarka a gaban dubban mutane masu kwalba a hannu, suna ihu suna tsalle, ita kuwa tana nan, wayarka ba ta ko isowa.

Nafisa ba ta san komai ba, ta kunna waƙar a tsakar gida don kakarta ta ji kawunta. Inna da sai an kama ta take tashi, sai ga ta tsaye tana gyara mayafi. Ta ce da ni: "Sa'a, aza jabana, babanku ya taho." Na ɗora kofin a jabanar, butar dafa gahawarmu ke nan, me zan yi? Ta zauna tana duban ƙofa har ya huce. Ranar na tsane ka, Usmanu. Ban taɓa tsanar mutum kamar haka ba.

Tausayin Sudan kake nema? Da yaƙi ya iso muka fita da ita a amalanken jaki, inda jaki ya kasa na goya ta. Muka dawo muka tarar ko ƙofa an cire. Ba mu nemi a haska mu ba, kuma ba za ka sayi tafi da tsumman uwarka ba.

Ina faɗa ne, amma kai ƙanena ne. Ni na goya ka lokacin tsinkar auduga, kana dukan kafaɗata da hannu biyu, ina ce wa mata wannan sai ya fi Baba. Na yi alfahari da kai da farko, har na yi rigima da masu cewa ka lalace.

Yanzu ga abin da ban taɓa sa Nafisa ta rubuta maka ba. Shekara da shekaru Inna na tambayata yaushe za ka zo, har tambayar ta ishe ni. Tun bayan damina ta daina. Yanzu ni ce kullum in ina ba ta koko nake cewa kina da ɗa sunansa Usmanu, sai ta maimaita a hankali kamar sunan baƙo. Jiya ta tambaye ni ɗan wane gida ne.

Hanyar Sinnar ta buɗe, motoci na shigowa. Ku yi ban kwananku ko ku fasa, ba ruwana. Ka zo ba da mai ɗaukar hoto ba, ka durƙusa ka faɗa mata sunanka da bakinka.

Allah ya jiƙan Baba, ya sassauta wa Inna, ya shirye ka. Allah ya kawo ka tun tana iya gane muryarka.

Yayarka, ko kana so ko ba ka so,
Sa'adatu