Kunun Tsamiyar da Inna Ta Sa Aka Dama

Gusau,
Satumba, 1998.

Zuwa ga Yaya Garba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da babba, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Mansura da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a aikin da ya kai ka Jidda. Mu ma lafiya, gwargwadon yadda za a ce da waɗanda suka binne uwa. Damina ta yi kyau, geron Inna na bayan gida ya nuna, har yanzu ba wanda ya yi maganar yankansa. Maigida Malam Usman ya koma ofis, ni ma na koma makaranta. Ina shiga aji ina fita, ina jin muryata tana koyarwa kamar ta wata mata. Ina ƙara yi maka ta'aziyya. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta.

Ranar da muka yi magana ta waya, ka tambaye ni ko Inna ta ga autanta Mas'udu kafin ta cika, sai na ce maka layin ba kyau. Layin lafiyarsa ƙalau. Ba ta gan shi ba, ni ma ba ta gan ni ba. Tunda ka tambaya, zan gaya maka yadda aka yi, domin akwai hannunka a ciki, ko da yake kana bayan teku.

Ka san tun da aka ba mu jiha Mas'udu ya samu aiki a sakatariya, ya tare a shagon ƙofar gidana. Ka kuma san inda yake zuwa ran Asabar a Sabon Gari, da yadda yake dawowa. Lokacin da ka zo hutu na kai maka ƙara, na ɗauka za ka kira shi ka yi masa faɗa. Sai ka zaunar da ni a tsakar gida, ka koya mini aikinka na mai haɗa magani. Ka ce in tabbata ya ci tuwo ya ƙoshi kafin ya fita, don giya ta fi cin cikin da ba komai. In ya dawo in sa a kwantar da shi a gefe guda, kada amai ya shaƙe shi. Da safe ruwa mai yawa, da na gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu zawo, sai kunu mai ɗumi da zuma. Ka hana ni yawan ba shi ƙwayar ciwon kai saboda hantarsa. Ka ce sauran kuma sai barci, ba abin da ke gaggauta shi. Daga ƙarshe ka rage murya ka ce ko me za a yi, kada Inna ta sani, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Washegari ka hau jirgi.

Ni kuwa ɗaliba ce mai ƙoƙari, ka sani. Na iya darasin har na ƙara nawa: kunun tsamiya mai kauri da citta, farfesun kayan ciki in an samu, kanumfari da asuwaki saboda warin baki. Mas'udu har suna ya sa mini, wai Likitar Lahadi. Yakan ce da abokansa duk wanda ba shi da yaya irin tasa, to ya daina sha. Na ce masa ranar da zan zuba masa barkono a kunun nan zai san likita. Sai ya yi dariya ya riƙe kai, ya ce in yi a hankali, muryata kamar ana daka a ƙwaƙwalwarsa. Haka muka yi ta yi. Ni mai koya wa 'ya'yan mutane tarbiyya a aji, na zama mai gyara mashayi don ya ji daɗin komawa.

Ranar Lahadi ce. Da hantsi Abdu maƙwabcin Inna ya iso a kan babur daga Bunguɗu, ya ce Gwaggo Hauwa'u ce ta aiko shi, jikin Inna ya tsananta, tana kiran 'ya'yanta, a zo maza. Ya ce in Mas'udu na kusa ya goya shi yanzu su juya. Na leƙa shagon. Yana kwance da rigar jiya, ya yi amai a bakin katifa, idonsa kamar gauta, warin kuwa tun daga zaure. Na fito na ce wa Abdu ya wuce Tsafe ya ɗauko 'yar'uwarmu Hadiza, mu muna nan tafe. Abin da ke raina kawai, Inna za ta jawo kansa ta shafa kamar yadda ta saba, ta shaƙi wannan abu, ya zama shi ne ƙarshen abin da ta sani game da ɗanta.

Sai na bi darasinka daki-daki. Na dafa ruwa, na tura shi wanka. Na haɗa na gishiri da sukari, ya sha, ya dawo da shi. Na jira cikinsa ya lafa, na sake ba shi. Na jiƙa tsamiya a ruwan zafi don ta yi saurin saki, na dama kunu. Yana sha yana kuka, yana cewa Yaya mu tafi haka nan, ni kuma ina ce masa ba zai kai wa uwarmu wannan bakin ba. Na ba shi kanumfari ya tauna, na ɗauko rigar Malam Usman na goge, na fesa masa turare. Na sa ya hura mini numfashi a fuska, na ce saura kaɗan, ya ƙara asuwaki. Da muka isa tasha kuma ga wahalar mai, mota ta ƙi cika. Muna zaune a ciki, ashe Abdu ya riga ya wuce da Hadiza.

Hadiza da ta taso tun daga Tsafe ta sami Inna da rai. Ta riƙe mata hannu, ta yi mata kalmar shahada. Mu da ke nan Gusau, kusa da gida, mun tarar ana ɗora ruwan wanka. Mas'udu ya shiga gidan fes da shi, yana ƙamshi kamar ango. Mata har suna cewa Allah sarki auta, dubi yadda kuka ya rina masa ido.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Gwaggo ta kira mu ɗakin Inna. A gindin gado akwai kwanon shan nan mai shuɗin baki, an rufe da faifai. Ta buɗe, kunun tsamiya ne, ya huce har ya yi fata. Ta ce tun da asuba Inna ta tambaya wace rana ce, da aka ce mata Lahadi sai ta ce a jiƙa tsamiya a dama wa auta, don yau da ciwon kansa zai tashi. Ta kuma ce a gaya wa Maijidda, wato ni, ta kawo shi yadda yake, kada ta tsaya gyara shi, ita ta haife shi, ta san warinsa iri-iri. Na tambayi Gwaggo me ya hana wannan saƙon isowa. Ta ce haba 'yar nan, ta yaya za ta buɗe baki ta faɗa wa maƙwabci, namiji, magana irin wannan? Sai ta ce masa kawai a zo maza.

Yaya, Inna ta sani tun tuni. Gwaggo ta ce duk Lahadin da ya je gaishe ta, ita ke shimfiɗa masa tabarma a ɗaki mai duhu, ta ce wa mutane rana ce ta buge shi a hanya, ta hana yara hayaniya. Matar da ta haife ka, ta rayu har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunanka ba saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce wancan na Makka, ita muka ɗauka don ba ta ambaci abu ba, ba ta gan shi ba. Kai ka ɓoye mata, ni na ɓoye mata, ita ta ɓoye mana ta sani, Gwaggo ta ɓoye wa Abdu. Kowa ya yi kunya daidai gwargwado, ba wanda za a ce ba shi da tarbiyya.

Mas'udu ya ɗauki kwanon ya zauna a bakin ƙofa ya shanye shi tas, da sanyinsa. Tun ranar yana Bunguɗu, a ɗakinta yake kwana, ya aiko an ɗaukar masa hutu. Ban sani ba ko ya daina, ban tambaya ba, kuma ba zan yi maka albishir ɗin da ban gani ba. Ni dai har yau ban yi kuka ba. Mata suna yaba mini haƙuri, ina amsawa da na gode.

Abu ɗaya nake nema a wurinka. Ka rubuto wa ƙanenka da hannunka, ba ta hannuna ba, kuma ka kira abin da sunansa. Ka rubuta giya. Kada ka aiko mini da wani sabon haɗi ko ƙwayoyi daga can. Na gaya wa Malam Usman shagon na nan in Mas'udu ya dawo, tuwonsa ma na nan, amma Likitar Lahadi ta ajiye aiki. In ya sha, ya tashi da kansa yadda ya same shi, ya fita haka mutane su gani.

Ka gaishe da Mansura, da Tajuddeen da Nana Khadija, ka ce su riƙa yi wa kakarsu addu'a. In ka samu zuwa Harami ka sa mu a ciki, har da shi. Malam Usman na gaishe ka, haka Hadiza da maigidanta Sama'ila. Gwaggo Hauwa'u ta ce a tambaye ka me za a yi da geron, kuma cikin kayan Inna me kake so a ajiye maka. Ni kwanon nan kawai na roƙa, Mas'udu ya ce ba zai bayar ba.

Wassalam. Ƙanwarka,
Maijidda.