Zoben da Ke Riƙe Tsokar Gwarzo

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki? Albishirinki: ɗanki Gwarzo ya hau matakala ashirin jiya. Na sa masa ɗan ƙarfe a jakar goyo, kullum hawa da sauka. Likita ya ce tsokarsa na lalacewa, wai nan da shekara uku sai keken guragu. Ni da na tsufa ina horar da masu ɗaga ƙarfe za a koya wa tsoka? Yaron yana kuka yana cewa ya gaji, amma sai an sha wuya ake shan daɗi. 'Yar tsokar da aka yanko a cinyarsa ta iso ɗakin bincikenku?

Ki huta lafiya,
Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwar girma, don Allah cire ƙarfen nan yau-yau. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kowace ƙwayar tsoka tana da siririyar fata, kuma akwai sinadarin da ake kira distirofin, shi ke riƙe fatar daga ciki kamar ɗinkin bakin buhu. Ƙartin da kake horarwa suna da shi, shi ya sa tsokarsu ke jure wuya. Ta Gwarzo kuwa, da sinadarin ya yi mata ƙaranci, yagewa take in ta sha wuya, kitse ya maye gurbinta. Tsokar ta iso, ran Laraba zan duba ko akwai sauran sinadarin.

Ƙanwarka

Yaya,

Gaisuwa a gurguje! Na shafa wa tsokar rinin da ke haska distirofin, na leƙa madubin da ke ƙara girman abu, sai ga koren zobe kewaye da kowace ƙwaya. Siriri ne, wani wurin ma ya tsinke, amma yana nan. Ihun da na yi, shugabata ta shigo a guje ta zaci gobara ce. Ta duba, ta tabbatar. Ciwon nan iri biyu ne, nasa mai sauƙin ne, irinsa da yawa suna girma a kan ƙafafunsu in an lallaɓa tsokar. Na yi kuka don murna. Kai kuma me ya hana ka amsa wasiƙata, sarkin taurin kai?

A shafa min kansa,
Ƙanwarka

Ƙanwata,

Na gaishe ki. Kunya ce ta hana ni. Wata huɗu ina yaga ɗan abin da ya rage masa da hannuna. Na karanta masa wasiƙarki ta ƙarshe sau biyu, ya yi ta dariya, sannan na roƙe shi gafara. Sai ya ce, "Baba, yanzu in na ce na gaji, za ka yarda?"

Na ce masa zan yarda.

Allah ya saka miki,
Yayanki