Azariya Ya Gama Maganinsa

Zuwa ga yayata Hellen,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya a Fatakwal. Allah ya ƙara muku lafiya. Mama tana nan garau a Kagoro, sai ƙorafin gwiwa da ba ya ƙarewa.

Yaya, nemi wuri ki zauna: ɗanki Azariya ya gama maganin ciwon daji! Jiya muka dawo daga Jos. Likita ya ce hoto da gwajin jini ba su nuna komai ba, sai dai mu riƙa zuwa ana duba shi. Tun daga tasha nake waƙa, har mai mashin ya tambaye ni ko lafiya.

Ba ki san yadda aka kwashe ba. Bayan allurar farko-farko, kumburin muƙamuƙinsa ya sace sarai. Sai Baba, surukina, ya tara dangi ya ce yaro ya warke, a yi sujadar godiya, a daina kai shi ana ɗura masa abin da ke sa shi amai da zubar gashi. Wai komawa asibiti bayan Allah ya amsa addu'a rashin bangaskiya ne. Har akuya aka saya. Ni kuwa a ɗakinmu na asibiti na ga wata Bafulatana, Mero, da ta tafi da ɗanta a daidai wannan gaɓa, ta dawo da shi lokacin da likitoci ba su da abin yi.

Kin san ƙanwarki, ko a zumuntar mata aka ce in yi addu'a sai in kasa. Ran nan na miƙe gaban maza na ce godiya ta jira, gobe ni da ɗana muna hanyar Jos ko da a ƙafa ne. Da safe baban Azariya da kansa ya ɗauko jakarmu. Baba kuwa ya daina amsa gaisuwata har aka gama haƙar citta a gona.

Ɗazu sai ga tsohon nan da sandarsa. Ya ɗora Azariya a cinya, yana shafa masa kumatu, hawaye na zuba. Ya ce a gaban kowa, da na bi maganarsa, da shi da bakinsa ya haƙa wa jikansa kabari. Yaya, na yi kukan da ban yi ba duk shekarar nan.

Ki gaishe da maigida, da Jason da Mildred. Azariya ya ce a gaya miki gashinsa ya fara fitowa.

Taki ƙanwa,
Dinah, Kafanchan