Tukunya Ɗaya

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar? Ina fatan kina shan maganin, ba ɓoye shi kike yi ba. Ki gaida Baba.

Ni lafiya lau. Tsayuwa ce take ɗan kumbura mini ƙafa, kada ki sa a ranki.

A makarantar da nake koyar da girki, wata uku ina nuna wa yara gasa kayan lambu a na'urar gashi. Shekaranjiya wata yarinya ta ce, "Malama, mu risho ɗaya gare mu, tukunya ɗaya." Ashe kusan duk ajin haka suke. Kunya ta kama ni, ni da na tashi a gabanki.

Na kashe na'urorin. Shugabar makaranta ta ce na saɓa tsari, zan iya rasa aikina. Na ce ta zo ranar Litinin ta ɗanɗana girkinmu na tukunya ɗaya tukuna.

Don Allah ki turo mini saƙon murya: wake, hatsi da ganye, wanne kike fara zubawa? Da tukunya ɗaya kika raine mu, mu bakwai. Yara talatin ba za su gagare ni ba.

Ki sa mini albarka.

'Yarki