Lambar Wayar da Aka Kulle a Gidan Rediyo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban hukumar da ta sa aka rufe gidan rediyon nan mai zaman kansa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni manomi ne daga wani ƙauye a gefen Minjibir. Ba siyasa ce ta kawo ni ba. Mahaifina ne ya ɓata.

Na farko. Baba ya tsufa, tunaninsa ya soma rikicewa. Wata Talata da hantsi muna gona, ya ɗauki sandarsa ya fita, bai dawo ba. Mun leƙa rijiyoyi, mun zaga ƙauyukan maƙwabta, shiru. Washegari na kai cigiya gidan rediyon, domin a wajenmu duk gonar da ka bi muryar tashar za ka ji daga gindin bishiya. Da yake wayata sai na hau tudu take kamawa, na ce wanda ya gan shi ya kira gidan rediyon kawai.

Na biyu. Ranar Alhamis da la'asar matar da ke karɓar cigiya ta same ni a waya da ƙyar, magana na yankewa. Abin da na tsinta shi ne, wani bawan Allah ya kira daga wajajen Ungogo, ya ce wani dattijo mai kamannin Baba yana kwana a masallacinsu. Ta rubuta lambarsa da unguwar a littafin da ke kan teburinta, in zo da safe. Na zo da safe. Na tarar da kwaɗo a ƙofa da 'yan sanda a zaune. Wai saboda wani shiri ne da manoma suka kira suna cewa takin da aka ce an raba bai iso gare su ba. Na ji shirin, kuma ba su yi ƙarya ba, amma wannan tsakaninku ne. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. To Baba me ya ja?

Na uku. 'Yan sanda sun ce umarni ne daga sama. Matar ta yi kuka, ta ce cigiya ta yi yawa a shekarun nan, ba ta riƙe sunan unguwar ba. Ofishinka na je sau uku, aka ce in rubuto. Ga shi na rubuto. Gidan rediyon gwamnati sun karanta mini cigiyar, Allah ya saka musu, ba wanda ya kira. Masallatan Ungogo kuwa na bi su har takalmina ya tsinke, kuma kullum sababbin unguwanni ake yankawa a gonaki. Da Baba ya fita gero bai kai gwiwa ba, yanzu ya fitar da kai.

A da ina jin ana cewa 'yancin 'yan jarida, na ɗauka maganar 'yan boko ce. Yanzu ko fushin ma ba na ji, wallahi. Ina cin tuwo, ina zuwa gona. Masu zuwa jaje sun rasa abin faɗa, wani ya ce Allah ya bayyana, wani ya ce Allah ya jiƙan rai. Kowanne ina ce masa amin.

Roƙona biyu ne. A buɗe gidan rediyon, talaka ba shi da wani wurin kai kuka. In hakan ya yi nauyi, a sa ɗan sanda ɗaya ya shiga ya buɗe littafin, ya karanto mini layi ɗaya ta taga. Ba sai na taka ciki ba.

Allah ya ja zamaninka, ya shirya maka zuri'a. Ranar da iyayenka suka riga ka, Allah ya sa ka san inda ka binne su.

Wassalam.

Naka,
Sabi'u ɗan Malam Haladu.