Haƙarƙarin Baba

Daren Juma'a, Bagudo.

Yau Ɗanladi mahauci ya dawo daga Benin, wata biyu ba ya gari. Ya yi sallama da haƙarƙarin rago a leda, ya ce, "Ga na Baba, na cire kitsen. Ya jikin nasa?" Na karɓa. Inna ce ta gaya masa rasuwar Baba daga cikin ɗaki.

Duk da haka na gasa. Na haɗa miyar da nake shafa wa naman tun da likita ya hana Baba sukari da tuwo: tumatir, tsamiya, citta, da dabino biyu kacal. Kullum sai ya ce, "Hauwa, ƙara ɗaya mana," ni kuwa in murtuke fuska in ƙi.

Yau na zuba biyar. Ba wanda ya iya ci.