Shafen Kawunan Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma ciwon bayan nan ya sake ki. Mu nan jiki lafiya lau, zuciya ce dai babu daɗi.

Yaya, Dogo ɗan Gwaggo ya cuce ni. Kin san kawunan katako goma sha tara da Baba ya sassaƙa, waɗanda muke ɗora hula a kai mu turara ta har ta ɗauki siffa. Shafen da Baba ya yi musu ya cinye, tururi ya fara shiga jikin katakon. Baba bai taɓa gaya min abin da yake shafawa ba, ni kuma ban tambaya ba, na ɗauka kullum yana nan. Da wata makaranta ta ba ni aikin fararen huluna arba'in na 'yan badujalarta, sai na nemi shawarar Dogo, tunda shekara shida ya yi a gefen Baba. Da hannunsa ya kawo min gwangwanin banish mai ƙyalli, ya ce irinsa Baba yake amfani da shi.

Na shafe su duka. Ranar da na kunna tukunya, hulunan farko goma sha biyu suna kai, banish ɗin ya narke kamar alewa a rana. Ya bi farin yadin ya rine shi ruwan ƙasa, ya manne. Garin ɓamɓarewa, kan nan mai faɗin goshi, wanda Baba ya auna da kansa, ya tsage gida biyu a hannuna.

Makarantar ta karɓe aikinta. Kin san wa ta ba? Dogo. Ashe ya buɗe shago a bayan layinmu, shi da matarsa, wata guda ke nan. Mai sayar da fenti ya tabbatar min ya gargaɗe shi cewa wannan banish na kujera ne, ba ya jure zafi, Dogo ya ce ai shi yake nema.

Kada ki rubuto min zancen haƙuri. Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, wasiƙarki ta iso. Na ga duk da na hana ki, sai da kika cika shafi biyu da haƙuri. Na karanta, na ajiye.

Sati uku na yi ina kankare kawunan da samfefa, har yatsuna sun daina jin zafin kofin shayi. Wannan karon ban tambayi kowa ba. Na samo guntayen katako huɗu. Na goga wa ɗaya kakin zuma, ɗaya man katako, ɗaya fentin ƙofa, na ƙarshen kuma banish ɗin da ake shafa wa kwalekwale, na sirka shi ya yi ruwa-ruwa, shafi biyar, kowanne sai ya bushe ƙarau. Na lulluɓe su da farin ƙyalle na jera a bakin tukunya. Fentin ya kumbura ya yi ƙuraje. Man ya bar rawaya-rawaya. Kakin ne munafukin cikinsu: turarawa ɗaya ko biyu ba ya nuna komai, sai katakon ya ɗau zafi sosai yake fito da maiƙo, kuma maiƙon ba ya fita a wanki. Na kwalekwalen ko gezau, turarawa talatin ƙyallen yana nan fari fat, allura kuma tana shiga ba ta fasa shi.

To ga abin da ban so ki ji a bakin wani. Kawunan Dogo sababbi ne, ɗanyen katako, tururi ya fara tsattsaga su. Ashe shi ma bai san sirrin Baba ba, shekara shida yana kallo bai gani ba. Ya turo matarsa wai ta zo aron almakashi, idonta kuwa yana kan kantata. Na ɓoye gwangwanin banish ɗin kwalekwale a ƙarƙashin tebur, na bar kakin zuma a fili, na zauna ina goga shi a jikin wani tsohon kai kamar ban san tana kallo ba. Har na ce mata Allah ya ji ƙan Baba, da ya san abu mai kyau. Ban yi ƙarya ba, ai ya sani.

Washegari na ga Dogo ya wuce da ƙullin kaki a bayan kekensa. Yaya, rabon da in ci abinci da daɗi irin na ranar tun kafin kan nan ya tsage.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma taya ki murnar haƙorin ƙaramin. Allah ya raya mana shi.

Abin ya faru yadda na lissafa. Hulunan Dogo goma na farko sun fito tas, ya saki jiki ya ɗora sauran. Talatin suka fito da tabon maiƙo a daidai goshi, kwana huɗu kafin faretin yaran. Shugaban makarantar da kansa ya zo shagona, yana ta sosa ƙeya. Na karɓi aikin, na gama a kwana uku, ko ɗigo babu a jikinsu.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya. Matar Dogo ta zo ta tsaya a ƙofata, ba ta zage ni ba. Ta nuna min hannuwanta kawai, duk sukan allura, ita ta ɗinke wa hulunan nan arba'in zagaye. Ta ce ita ba ta san abin da mijinta ya yi min ba sai jiya. Na yarda da ita, na kuma ji kunya, amma ban ji nadama ba, gara in gaya miki gaskiya.

Na ce mata zan nuna mata shafen da ke jure tururi, ita, ba shi ba, bisa sharaɗi guda: Dogo ya zo shagon Baba, gaban mahaifiyarsa, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa.

Kwana tara yana kewaye layinmu. Jiya da hantsi ya shigo, Gwaggo tana zaune a kujerar Baba, tsagaggen kan yana kan cinyarta. Ya sunkuyar da kai ya faɗa ƙasa-ƙasa cewa ya san banish ɗin zai narke, da gangan ya ba ni. Na ji shi sarai. Amma kin san kunnen Gwaggo ya yi nauyi, sai na ce ba ta ji ba, ya ɗaga murya. Ya sake. Gwaggo ta dube ni, ta dube shi, ta kara hannu a kunne ta ce ita fa har yanzu ba ta ji ba. A karo na uku har tela na maƙwabta sai da ya tsayar da keken ɗinkinsa.

Matar tana zuwa ranar Asabar da burushinta. Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta